Yadda Ake Samun Gidan Haya a Sakkwato Ba Tare da Albashi ko Mai Tsaya Maka ba

Yawancin masu gidajen haya a Sakkwato kuɗin shekara guda suke karɓa kafin a tare, saboda haka abin da ya fi damunsu shi ne ko za ka iya biyan shekara ta biyu, ba takardar albashi ba. Fara da haɗa kuɗin shekarar cif, ko da ta hanyar adashi ne, tare da la'adar dillali.

Ko a Mabera kake nema ko a Arkilla, yi ƙoƙari dillali ya haɗa ka da mai gidan ido da ido. Idan kana sana'a, kai shi shagonka ko rumfarka ya gani, ka nuna masa katin shaidar ɗan ƙasa (NIN), bayanan asusun bankinka da rasit ɗin tsohon gidan da ka zauna. Mai unguwa, limamin masallacinku ko shugaban ƙungiyar sana'arku zai iya shaidar halinka ba tare da ya ɗauki nauyin bashinka ba, kuma a ganina wannan shaida ta fi takardu tasiri.

Kada ka biya kuɗi sai an rubuta yarjejeniya gaban shaidu, an kuma ba ka rasit mai ɗauke da ranar ƙarewar hayar.