In zanen fankshin mai rassa ya ƙi fita a Python

Wannan abu ya taɓa cinye min dare guda wallahi. Ka rubuta fankshin da if da else, ka tura masa array (wato jerin lambobi na NumPy, laburaren lissafi da ake taƙaitawa np) gaba ɗaya, sai Python ta watso maka saƙon kuskure na ValueError, don ita if lamba ɗaya take iya aunawa ba dubu ba. Sa np.where kawai a wuce wurin, ko np.piecewise, amma fa a np.piecewise akwai tarko, in x ɗinka (array ɗin da ka tura) intija ne, wato lambobi marasa ɗigo, amsar ma intija za ta fito, 0.7 ta koma 0, zane ya zama kamar matakalar bene. Don kauce wa haka, ɗauko x da np.linspace, shi lambobi masu ɗigo yake bayarwa. Shi kuma layin da Matplotlib, laburaren zane, ke ja a tsaye inda fankshin ya yi tsalle, cusa np.nan (alamar "ba lamba ba") daidai gurin, zai yanke.