Yadda ake gano inda girgizar ƙasa ta tashi da kuma ƙarfinta

Ranar 6 ga Fabrairu 2023 da asuba ƙasa ta girgiza a Turkiyya da Siriya, kafin kace me har an sanar cewa kusa da birnin Gaziantep na Turkiyya ta tashi, ƙarfinta 7.8. Ba wanda yaje wajen ya auna fa, aikin agogo ne da lissafi.

Da farko dai akwai na'urori a girke a tashoshi ko'ina a duniya, kowacce agogonta na tafiya da GPS, dare da rana suna zana motsin ƙasa. In dutse ya tsage can ƙarƙashi motsi iri biyu yake turowa, P mai gudun kusan kilomita 6 a sakan ɗaya, sai S tana biye da kamar 3 da rabi. Irin walƙiya da tsawa ne, tare suke tashi amma ɗaya na riga ɗaya isowa.

Toh sai ka ɗauki zanen tasha ɗaya, ka ƙirga sakan nawa ne tsakanin isowar P da S, ka ninka da 8. Sakan 20 kenan wajen kilomita 160. Saidai tashar bata san ko gabas bane ko yamma, don haka zaka zana da'ira mai wannan nisan kewaye da ita a taswira, ka maimaita da tasha ta biyu da ta uku, inda ukun suka haɗu shikenan nan ne. Yanzu kwamfuta ke yi da tashoshi masu yawa, har zurfin take fitarwa.

Sai ƙarfi. Masanin girgizar ƙasa Charles Richter ya kawo ma'auninsa a Kalifoniya, 1935, yana duba inda zanen yafi tsalle ne ya gyara lissafin da nisa. Daga 6 zuwa 7 tsallen ya ninka sau 10, ƙarfin da ya fita kuwa kusan sau 32, kaga ba ƙaramar tazara bace. Matsalar shine in girgiza ta girma sosai ma'aunin sai ya cije ya daina hawa, shiyasa a 1979 wasu masana biyu, Hanks da Kanamori, suka kawo sabon ma'auni wanda ke duba faɗin tsagewar, nisan da dutsen ya zame da taurinsa. Shi ake amfani dashi yanzu a manyan girgiza, duk da a labarai har gobe zakaji ana cewa ma'aunin Richter.

Kuma kada ka riƙe adadin farko, bayanai basu gama shigowa ba. Ta Japan a 2011 da 7.9 hukumar kula da yanayi ta ƙasar ta fara sanarwa, aka dinga ƙarawa har ta tsaya a 9.0.