Yadda Ake Shirya Taron Sada Zumunci na 'Yan Zauren WhatsApp a Bauchi

Duk zauren WhatsApp ko na Facebook da ya kwana biyu, akwai ranar da wani zai rubuta, "Jama'a, wai yaushe za mu haɗu mu san juna ne?" Nan take sai a yi ca, kowa na cewa shawara ta yi. Kafin mako ya zagayo maganar ta bi ruwa. Ba wai ba a so ba ne, babu wanda aka ɗora wa nauyin ne. Saboda haka matakin farko shi ne a fitar da kwamiti, mutum uku zuwa biyar, kada su wuce haka. A sa mace a ciki in zauren na maza da mata ne, don akwai abin da mata ba za su faɗa wa admin namiji ba.

Mataki na biyu, a san mutum nawa ne za su zo da gaske. Zaure ɗaya na WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024, amma kada yawan nan ya ruɗe ku. A fara da ƙuri'ar da ke cikin manhajar don a ji ra'ayi, sai dai ƙuri'a ba ita ce ƙidaya ba. Wanda ya rubuta "In sha Allah da ni" bai zama ɗan taro ba sai ya tura kuɗinsa. A yanka abin da kowa zai bayar, a sa ranar rufe karɓa, kamar kwana goma kafin taron, sannan a yi lissafin kujera da abinci a kan waɗanda suka biya, a ɗan ƙara kaɗan saboda masu zuwa da aboki ba sanarwa.

A nan ne nake so a tsaya sosai, domin yawancin tarukan da suka watse a kan kuɗi suka watse. Ma'aji ya zama wanda aƙalla wasu 'yan zauren suka san shi ido da ido, suka san gidansu ko wurin aikinsa. Asusu ɗaya kawai za a sanar, kuma admin ya kafe saƙon a saman zaure, don kada wani ya bi mutane ta bayan fage da wata lamba. Hoton shaidar tura kuɗi bai isa ba, sai ma'aji ya ga alat a wayarsa. Kowane dare ya fitar da jerin sunayen waɗanda suka biya. Idan akwai ɗalibai ko marasa ƙarfi, masu hali su biya musu a ɓoye ta hannun ma'aji. Ɗan siyasa kuwa, in ya ce zai ɗauki nauyin komai, a yi masa godiya a wuce. Ranar taro da hulunansa da fastocinsa za ku gan shi. Haka ma anko, a bar shi sai karo na gaba.

Sai zaɓen rana. Juma'a akwai masallaci, safiyar Lahadi akwai 'yan uwa masu zuwa coci, safiyar Asabar kuma ɗaurin aure ya cinye ta. Abin da ya fi sauƙi shi ne Asabar ko Lahadi daga bayan azahar, a tashi kafin magariba, musamman saboda mata da masu komawa nesa. A bari albashi ya shiga. Watan Maris da Afrilu zafi ne, Agusta kuma ruwa ba ya shawara da kowa, don haka daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi daɗin zama a waje. Mutane da yawa suna son washegarin Sallah tunda 'yan Abuja da Kaduna sun dawo gida, amma a tuna ranakun na yawon gaishe-gaishe ne.

Wuri ya zama a bainar jama'a, inda mai Keke Napep zai gane da an faɗa masa suna. Ɗakin taron makaranta ko lambun shaƙatawa a cikin gari ya wadatar. Taron farko ba a yin sa a gidan wani. Wanda ya taso daga Gombe, tafiyar kimanin kilomita 150, ko daga Azare ko Misau, yana bukatar wurin da ba zai sha wahalar komawa tasha ba. Za a samu masu cewa a tafi gandun dajin Yankari a yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Wikki. Wurin ya cancanta, amma ya haura kilomita 100 daga garin Bauchi, ga kuɗin mota ga na shiga. Wannan sai an saba. Mutum biyu daga kwamiti su je su ga wurin da idonsu: akwai banɗaki mai ruwa? Akwai inda za a shimfiɗa tabarma a yi la'asar? In an ɗauke wuta, wa zai sa wa janareta mai? A tambaya tun kafin a ba da kafin alƙalami. Idan taron zai yi girma, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Abinci ba ya bukatar dogon tunani a Bauchi. A yi odar masa da miyar taushe tun kwana biyu kafin ranar, a haɗa da zoɓo ko kunun aya mai sanyi da ruwan leda. A zuba wa kowa nasa a roba, ya fi layin cokali rufin asiri.

Ranar taro, kwamiti su riga kowa isa. A ajiye tebur a bakin ƙofa da takarda da biro, kowa ya rubuta sunan da aka san shi da shi a zaure ya manna a ƙirji. Za ku sha dariya a nan, don mai yawan surutun nan da kowa ke zaton dattijo ne, sai a ga yaro ɗan aji biyu a jami'a yana sunkuyar da kai. A buɗe da addu'a, kowa ya gabatar da kansa a taƙaice, kada a bar shugaba ya riƙe lasifika rabin awa. Muhawarar da ta taɓa tayar da ƙura a zaure, ta addini ko ta siyasa, a faɗa tun farko cewa ba a zo da ita ba. Batun hoto kuma a yi masa doka a fili: ba a ɗaukar kowa sai da izininsa, ba a ɗora hoton matar aure ko budurwa a Facebook ko TikTok don kawai ta halarta, lambar waya ma sai mai ita ya yarda.

Kafin kwana biyu su cika, ma'aji ya ɗora cikakken lissafi a zaure, abin da ya shigo da abin da aka kashe, haɗe da hoton rasit. In canji ya rage, ko naira 500 ce, a faɗa, 'yan zaure su yanke ko a mayar ko a ajiye don taro na gaba.