Yadda za ku zaɓi kwamitin ƙungiya da ƙuri'a mai ƙaura

Akwai wata matsala da ke damun ƙungiyoyinmu a nan Damagaram, daga na ƴan kasuwar Dole har na iyayen yara a lakwal da na masu lambu a wajen Mirriya. Za a zaɓi mutum uku ko biyar su riƙe kwamiti, sai a ce kowa ya rubuta suna uku ko biyar, waɗanda suka fi yawa su ne suka ci. A baki abin kamar adalci ne. Amma ku ɗauka mambobi ɗari ne, 52 sun haɗa kai, 48 suna da wani ra'ayi. Mutanen nan 52 za su rubuta sunaye iri ɗaya, su kwashe kujerun kaf, sauran 48 su tashi ba su da ko mutum ɗaya a kwamiti. Daga nan sai su daina zuwa taro, su daina zubi, wata shida sai ka ji ƙungiya ta rabu biyu. Na koyar da lissafi shekaru masu yawa, shi ya sa ake yawan kirana in ƙirga ƙuri'a, kuma na ga wannan rabuwar da idona har ta ishe ni.

Akwai hanyar da ke maganin wannan, wadda a ƙasashen da ke amfani da ita ake taƙaita sunanta na Ingilishi da STV, wato ƙuri'a ɗaya mai ƙaura. Kowane mutum ƙuri'a ɗaya yake da ita, ko da kujeru biyar ake nema, amma ƙuri'ar tana iya ƙaura daga ɗan takara zuwa wani bisa jerin da mai ita ya rubuta da hannunsa. Kamar aiken yaro kasuwa ne: ka ba shi kuɗi ka ce ya sayo gero, in babu ya sayo dawa, in ita ma babu ya sayo masara. Kuɗin ɗaya ne, umarnin ne ya zo a jere.

Mu ƴan Nijar ba baƙi ba ne ga ƙaurar ƙuri'a. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, Mahamane Ousmane yana biye. A zagaye na biyu mutanen waɗanda suka faɗi, ciki har da na Mahamadou Issoufou, suka koma bayan Ousmane, ya ci. Can kujera ɗaya ce, kuma sai da aka sake kiran jama'a zuwa akwati, shugabannin jam'iyyu ne kuma suka ƙulla inda za a karkata. A tsarin da nake bayani mai zaɓe ne da kansa ke faɗin inda ƙuri'arsa za ta je, a takarda ɗaya, rana ɗaya.

Ba sabon abu ba ne. Carl Andræ ya shigar da shi Danmak a 1855, Thomas Hare ya rubuta shi a Ingila a 1857 ba tare da sanin aikin wancan ba. Ailan da Malta suna zaɓen ƴan majalisarsu da shi tun 1921, majalisar dattawan Ostireliya tun 1949, kansilolin Sikotilan tun 2007. Abin da ya fi burge ni shi ne Ailan: sau biyu jam'iyya mai mulki ta nemi a soke shi, a 1959 da 1968, sau biyun kuma talakawa suka ƙi a ƙuri'ar raba gardama.

To, ga yadda ake yi.

Takardar zaɓe ta ƙunshi sunayen ƴan takara duka, kowanne da akwatin murabba'i a gefensa. Tunda cikin mambobinmu akwai waɗanda ba su yi boko ba, ku ba kowane ɗan takara alama da za a zana kusa da sunansa. Mai zaɓe zai sa 1 a gefen wanda ya fi so, 2 a gefen na biye, 3, har inda ya ga dama ya tsaya. Wanda bai iya rubuta lamba ba ya ja sanda ɗaya, sanda biyu, sanda uku, ya wadatar. Na fi son wannan a kan a sa wani ya rubuta masa, domin da zarar wani ya riƙe maka bik, asirin ƙuri'arka ya fita. Takardar da babu 1 a kanta, ko aka sa 1 a wuri biyu, ta lalace, a ware ta gefe.

Tambayar da ake yi mini kullum ita ce: “Malam, in na sa wa wani 2, ba zan cuci na farkona ba?” A'a. Ba a duba 2 ɗinka sai na farkonka ya riga ya ci ko ya riga ya faɗi. Ku nanata wa mutane wannan kafin zaɓe, domin masu tsoro su sa 1 su ninke takarda su ne ke asarar ƙarfin ƙuri'arsu.

Bayan an rufe akwati, abu na farko shi ne fitar da mizani, wato adadin ƙuri'un da duk wanda ya kai ya ci kujera. A ƙirga takardu masu kyau, a raba su da yawan kujeru da ƙarin ɗaya, a zubar da guntun da ya rage, sannan a ƙara ɗaya. Wani lauya ɗan Ingila, Henry Droop, shi ya kawo wannan lissafin. Takardu 100, kujeru 3: a raba 100 gida huɗu, 25 ke nan, a ƙara ɗaya, mizani 26. Dalilinsa a fili yake. Mutum uku za su iya samun 26 kowanne, amma huɗu ba za su iya ba, don 26 sau huɗu 104 ne, ya wuce ƙuri'un da ke akwai. A rubuta mizanin da alli a saman allo, babba, tun kafin a fara rabon takardu, kowa ya gani.

Bari in kafa misali mu bi shi har ƙarshe. Ƴan takara biyar ne, alamominsu tulu, raƙumi, dabino, fitila da hauya. A shimfiɗa tabarma, a aje takarda mai alamar kowa, a tsiba takardun zaɓe gaban wanda aka sa wa 1. Dutse ɗaya a kan kowane tsibi saboda iska. Aka ƙirga: Tulu 52, Raƙumi 17, Dabino 13, Fitila 10, Hauya 8.

Tulu ya wuce mizani, ya ci kujera ta farko. Amma 26 kawai yake buƙata, yana da rarar 26. Nan ne zuciyar tsarin take, nan ne kuma masu ƙirga ke ruɗewa, don haka ku bi ni sannu. Ba za a zubar da rarar ba, don mutanen da suka zaɓe shi sun fi abin da kujera ɗaya ke ci. Ba kuma za a ɗebi takardu 26 na sama-sama a raba ba, don sai a ce wa ya zaɓi waɗanda aka ɗeba. Abin da ake yi shi ne a duba takardun nan 52 gaba ɗaya, a raba su bisa wanda aka sa wa 2, amma kowace ta tafi da ragaggen ƙarfi. Ƙarfin shi ne rara a kan jimla, 26 a kan 52, wato rabi. Rabin kowace ƙuri'a ya zauna wurin Tulu, rabi ya yi gaba.

Da aka duba, 32 sun sa wa Hauya 2, 12 sun sa wa Fitila, 8 sun sa wa Raƙumi. Hauya ya ƙaru da 16 ya zama 24. Fitila ya ƙaru da 6 ya zama 16. Raƙumi ya ƙaru da 4 ya zama 21. Dabino yana nan a 13. Kafin takardun su bar hannunku ku rubuta “rabi” da jan bik a bayan kowace, ku ɗaure su da roba daban, domin in za su sake ƙaura da wannan rabin za su tafi, ba da cikakken ƙarfi ba. Ku kuma tara lissafin bayan kowane mataki: 26 na Tulu da 24 da 16 da 21 da 13, ɗari cif. In bai cika ba, kada ku ci gaba sai kun gano inda ya zube.

Yanzu babu wanda ya kai 26, babu kuma sauran rara. Sai a fitar da na ƙasa, Dabino, a raba takardunsa 13 da cikakken ƙarfinsu. In wata ta sa wa Tulu 2, a tsallake zuwa 3, tunda Tulu ya riga ya samu kujerarsa. Tara suka tafi wurin Raƙumi, biyu wurin Fitila, ɗaya wurin Hauya. Ɗaya kuma mai ita 1 kawai ya sa ya tsaya, ba ta da inda za ta, sai a aje ta gefe a rubuta ta a allo a matsayin wadda tafiyarta ta ƙare. Raƙumi ya zama 30, ya ci kujera ta biyu. Hauya 25, Fitila 18.

Raƙumi na da rarar 4. Ko da duka huɗun sun tafi wurin Fitila, 22 zai samu, bai kamo Hauya ba. Ba sai an wahalar da kai ba: kujera ɗaya ta rage, mutum biyu suka rage, Hauya ne a sama, ya ci duk da bai cika mizani ba.

Na san abin da za a ce a bakin ƙofa. Yaya wanda ya zo na ƙarshe da ƙuri'a 8 zai shiga kwamiti, a bar Dabino mai 13? Wannan ƙorafin yana da nauyi, kuma bai kamata a yi wa mai yin sa tsawa ba. Ku nuna masa allo. Mutum 52 cikin ɗari sun isa su cika mizani biyu, kuma mafi yawansu sun faɗa da hannunsu cewa bayan Tulu, Hauya suke so. Mutanen Raƙumi da na Dabino kuwa, da ba wanda ya kai mizani shi kaɗai, sun haɗu sun fitar da mutum ɗaya, kuma yawancin masu Dabino sun ga ƙuri'arsu ta kai wanda suka sa na biyu. Da tsohuwar hanya aka bi, masu 52 su ne za su cika kujeru ukun, Raƙumi ma bai shiga ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar da jama'a ita ce a gwada a fili kafin ranar zaɓe, ba da ƴan takara na gaskiya ba. A tsayar da yara biyar riƙe da alamomi, mutane su yi layi bayan wanda suka ga dama. Layin da ya wuce mizani sai a ce rarar su koma wani layi, layin da ya fi gajarta a watse shi kowa ya nemi inda zai shiga. Minti ashirin sun isa, tsoho da tsohuwa sun gane, kuma ranar ƙirga ba wanda zai ce an yi masa rufa-ido da lissafi.

Wasu abubuwa dole a rubuta su a dokar ƙungiya tun kafin a san wa zai tsaya. In mutum biyu suka yi kunnen doki a ƙasa, wa za a fitar? Shawarata a duba wanda ya fi ƙarancin 1 tun farko, in nan ma daidai ne a jefa ƙuri'ar sa'a a gaban kowa. In ƙarfin rara bai fito rabi mai kyau ba, misali 7 a kan 33, lamba nawa za a riƙe bayan waƙafi? Biyu sun wadatar wa ƙungiya, wayar hannu ta yi lissafin. A zaɓen majalisar Ailan ba sa ragargaza ƙuri'a haka, takardu sukutum suke ɗiba gwargwadon rabo, amma wannan yana barin ɗan gurbi ga sa'a, kuma a ƙungiya mai mutum ɗari takarda ɗaya tana iya juya sakamako. Shi ya sa na fi son hanyar ragaggen ƙarfi.

Kada kuma a yi amfani da wannan tsarin a zaɓi shugaba da ma'aji da magatakarda a takarda ɗaya. Kujerun da ake cikewa da shi dole su zama masu daraja ɗaya. A zaɓi kwamiti tukuna, sannan a raba muƙamai daban. Yawan kujeru ma yana da tasiri: da uku, sai ɓangare ya haura kashi ɗaya cikin huɗu kafin ya samu wakili, da biyar kuwa haura kashi ɗaya cikin shida ya isa. In ƙungiyarku ta ƙunshi unguwanni da yawa, Birni da Zango da Garin Malam da Sabon Gari, ko kuna son mata su samu shiga ba tare da an yi musu alfarma ba, biyar ko bakwai sun fi uku. A Ailan mazaɓunsu kujera uku zuwa biyar ne.

Ba zan ɓoye muku nauyinsa ba. Yana cin lokaci. A Ailan da hannu suke ƙirga, wani lokaci har kwanaki. Kuma ba ya hana mutane rabuwa gida biyu in haka suka ga dama: Malta ta daɗe da shi, amma jam'iyyu biyu ne ke mamaye majalisarta, har a 1981 wadda ta fi yawan ƙuri'a ta samu kujeru ƙasa da abokiyar hamayyarta, abin da ya sa daga baya suka gyara tsarin mulkinsu. Ga ƙungiya mai mambobi ɗari ko ɗari biyu kuwa, in an fara bayan la'asar da mutum uku masu ƙirga, ana iya gamawa kafin magariba.

Ku bar kowane ɗan takara ya sa wakilinsa ɗaya a bakin tabarma, mai ƙirga ya ɗaga kowace takarda ya karanta da ƙarfi kafin ya aje ta. Magatakarda ya kwafi abin da ke allo cikin littafin ƙungiya mataki-mataki, wakilai su sa hannu a ƙasa. Takardun kuma a zuba kowane tsibi a ambulan dabam yadda ya ƙare, a liƙe, a ba wani dattijo da bai tsaya takara ba ya aje har wata ɗaya, ko da wani zai nemi a sake ƙirgawa.