Babi na Huɗu: Kula da Bishiyar Lambu da Gane Ciwonta

Darasi na 1: Yadda ake duba bishiya

Sau ɗaya a mako, da safe, ku zagaya kowace bishiya. Ku fara daga gindi, wato inda kututture ya haɗu da ƙasa, ku bi shi da ido zuwa rassa. Sannan ku kama ganye ɗaya ku juya bayansa. Ƙwari a bayan ganye suke ɓuya, wanda ya tsaya daga nesa ba zai gan su ba.

Idan tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka koma rawaya, galibi yunwar taki ce ko ruwa ya yi yawa. Idan sababbin ganyaye ne suka yi rawaya amma jijiyoyinsu na nan kore, bishiyar ta kasa samun sinadarin ƙarfe daga ƙasa. Farin abu kamar an barbaɗa gari a kan ganye ko fure, funfuna ce. Baƙi kamar kunkunniya kuwa, wanda yake gogewa da yatsa, darɓar ƙwari ce ta jawo shi, kuma za ku ga tururuwa na hawa da sauka. Ƙwarin za ku yaƙa, baƙin zai gushe da kansa. Ƙaro mai tsatsowa daga gindin lemo alamar ruɓar ɓawo ce. Ƙaramin rami da garin katako a bakinsa, tsutsa ce a ciki. Naman kaza a gindin bishiya yana nuna saiwa ko itacen ciki na ruɓewa. Ku kira malamin gona, kada kuma ku bar yara su zauna ƙarƙashinta.

Kada ku damu idan ba ku riƙe duka yau ba. Ido yana sabawa.

Darasi na 2: Wanke ƙarfe kafin yanka

Ku natsu a nan, domin nan ne aka fi tuntuɓe.

Ƙwayar cuta ba ta ganuwa. Tana manne wa bakin almakashi, adda ko zarto. Wanda ya yanki bishiya mai ciwo, ya wuce da ƙarfen nan kan mai lafiya, da hannunsa ya kai mata cutar.

Ku samo bokitin roba. Ku zuba ruwan bilic na wanki kofi 1. Ku ƙara ruwa kofi 9, da kofin nan dai, kada ku canja wani. Ɗaya da tara. Ku faɗa da baki: ɗaya da tara. Ku fara kankare danko da ƙasar da ke bakin ƙarfen, domin magani ba ya ratsa datti. Sai ku tsoma bakin ƙarfen gaba ɗaya a bokiti, ku bar shi kamar minti 1 ko 2. Wanda yake da sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin 100 zai iya jiƙa tsumma da shi ya goge. Kada a haɗa bilic da wani magani, hayaƙinsa na da lahani.

Yaushe ake wankewa? Kafin a taɓa bishiya ta farko. Bayan an gama da ita, kafin a taɓa ta biyu. Idan bishiyar mai ciwo ce, bayan kowane yanka guda. Kun yanke reshe ɗaya, ku tsoma. Kun yanke na biyu, ku sake tsomawa.

Ɗalibai da yawa sukan wanke da safe sau ɗaya, su yi ta yanka har azahar. Wannan ba wankewa ba ne. Wasu kuma su goge ƙarfe a jikin wando su ce ai yana walƙiya. Haba jama'a! Walƙiya ba ta kashe cuta. An faɗa, an maimaita, amma kullum sai an ga bokiti can bakin ƙofa, mai yanka yana ƙarshen lambu. Bishiyar da aka yi shekara biyar ana raino ba ta cancanci a kashe ta don ƙyuyar minti biyu ba. Ku riƙa tafiya da bokitin a hannu.

Idan aiki ya ƙare, ku ɗauraye ƙarfen da ruwa, ku busar, ku shafa masa ɗan mai, domin bilic na sa tsatsa. Ruwan haɗin kuma a zubar nesa da bishiya, gobe a yi sabo.

Darasi na 3: Yanke reshe mai ciwo

Ku zaɓi ranar da babu ruwan sama, ganye a bushe. Ku wanke ƙarfe tukuna. Ku duba inda ciwon ya tsaya, ku koma baya santimita 20 zuwa 30 cikin lafiyayyen itace, can za ku yanka. Idan cikin yankan ya nuna baƙi ko ruwan ƙasa, ciwon ya wuce nan. Ku tsoma ƙarfe, ku ƙara komawa baya.

Idan reshen duka za a cire, akwai ɗan kumburi kamar zobe inda ya fito daga kututture. A gaban zoben za ku yanka, ku bar shi, shi ne yake rufe raunin. Reshe mai nauyi a fara ɗan tsaga shi ta ƙasa, sannan a yanke ta sama, don kada ya yage ɓawo wurin faɗuwa. Ba a shafa fenti ko bakin mai a raunin. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassa a shekara.

Darasi na 4: Ban ruwa

Ku tura yatsa cikin ƙasa. In da danshi, ku bari. In a bushe take, ku ba da ruwa sosai a da'irar da inuwar rassa ta ƙare, ba a jikin kututture ba. Ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ku bar faɗin tafin hannu tsakaninta da gindi.

Darasi na 5: Tarkace

Rassa, ganye da 'ya'yan da suka ruɓe a kwashe su a ranar, a ƙone ko a binne nesa da bishiya. Kada a zuba su cikin ramin taki.