Masu cin bashin gida, don Allah ku bar maimaita waɗannan kurakuran

Wallahi na gaji. Yaro a Garwa ko Marwa da ya fara ɗaukar albashi sai ya ruga banki neman bashin gini, in ka yi magana ya ce ai kowa haka yake yi.

Babban kuskuren shi ne lissafa bashin a kan kuɗin lokacin da abu ke tafiya, albashi da alawus da ɗan cinikin gefe duk a haɗa. Ku tambayi iyayenku 1993, sau biyu aka zaftare albashi a Kamaru, Janairun 1994 kuma sefa ta rasa rabin darajarta. A Cadi da mai ya faɗi a 2014, zuwa 2016 gwamnati ta fito da matakai 16 na tsuke bakin aljihu ta yanke rabin alawus ɗin ma'aikata, to banki ya rage wa wani ko dala? Kuɗinsa yake cira tun kafin albashin ya iso hannunka. Ni dai biyan wata in ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na gundarin albashi ba na sa hannu, gara in sayi bulo da kwano kaɗan kaɗan.

Wanda ya fi ƙona min rai kuwa jinginar da takardar gidan da ake kwana a ciki. Yayanmu ya ɗauki takardar gidanmu na gado ya kai wani ƙaramin banki don ya ƙara jarin kayan da yake shigowa da su ta Amchide, garin da ke kan iyakar Kamaru da Najeriya, sai rikicin Boko Haram ya kashe hanyar a 2014, ciniki ya tsaya cak amma kuɗin ruwa bai tsaya ba, ranar da aka zo aka manna takarda a ƙofar zaure Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ma san an jinginar da gidan ba. Sai da muka sayar da gonar albasa da shanu kafin muka fanso shi. Haba jama'a! Gidan marayu da tsofaffi za ka yi kasada da shi? Amurka ma abin da ya cinye su kenan, an ba mutane bashin gida da ruwa kaɗan a farko daga baya ya hau, farashin gidaje ya faɗi, babban bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumban 2008, miliyoyi suka rasa muhalli, waɗanda suka tsira suka yi shekaru suna rage bashi, bankuna kuma suka ƙulle hannu. Jingina in ta zama dole, a kai fili ko mashin.

Sauran ƙanana ne. Kar ka ci bashi don biyan bashi. Adashe uku a lokaci guda shi ma bashi ne. Takardar Faransanci in ba ka gane ba nemi mai karanta maka, musamman wajen tarar jinkiri. Kuma kafin ka tsaya wa aboki a banki ka faɗa wa matarka, don in ya gudu albashinka za a kama.