Yadda ake tsara cikin gidan abinci da hasken rana, katako da shuke-shuke a Abuja

Kafin a zaɓi fenti ko a ba kafinta aikin kujeru, a je ginin sau uku a yini guda: ƙarfe 8 na safe, ƙarfe 1 na rana, da bayan la'asar. Kowane zuwa a zana iyakar inda rana ta faɗo a daɓe da alli. A Abuja haske ba ya wuya, yawa ma ya yi. Aikin mai tsara wurin shi ne ya shigo da hasken ya bar zafin a waje, kuma zanen allin nan ne zai nuna inda tebur zai zauna da inda ba zai zauna ba.

Abuja na kusan digiri 9 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana kan ɗan karkata arewa da tsaka, sauran watannin kuma tana kudu. Waɗannan ɓangarori biyu su ne wurin manyan tagogi, domin rana tana sama, rumfa ƙarama ta isa ta tare ta. Taga mai tsayin mita 1.5 a kudu tana buƙatar rumfar da ta fito kusan mita 1, saboda a Disamba rana kan sauko sosai. Irinta a arewa santimita 40 ya wadatar.

Yamma ce matsala. Daga ƙarfe 3 rana kan kwanto ta shigo ta gefe, babu rumfar da ke tare ta. Mai gidan abincin da ya yi bangon gilashi zalla yana kallon yamma zai ga teburan gaban tagar babu kowa a Maris da Afrilu, na'urar sanyaya ɗaki tana ta aiki ba ta ƙoshi, kuɗin dizal na tafiya. A wannan ɓangare a ƙanƙanta tagogi, ko a jera filankai a tsaye ta waje, masu faɗin santimita 15 zuwa 20, da tazara kamar faɗinsu. Kariyar waje ta fi labule nesa ba kusa ba, don labule sai zafi ya riga ya ratsa gilashi yake tare shi. Asabari ma yana aiki, kuma inuwar da yake zubawa a bango ado ce kyauta. Idan za a fasa bango ko a sauya fuskar ginin, a fara neman izinin sashen kula da tsarin gine-gine na birnin tarayya.

Masu son tagar rufi su yi hattara. Kada faɗinta ya wuce kashi 5 cikin 100 na faɗin daɓe, kuma bakinta ne ke fara yoyo a ruwan Agusta idan ba a ɗaga shi sama da rufin ba. Siririyar taga a saman bango, dab da silin, ta fi sauƙin kulawa, tana kuma jefa haske har tsakiyar ɗaki muddin silin ɗin fari ne.

Launi kuwa, ƙasar Abuja da kewayenta ta riga ta bayar: jan marmara, tokar dutsen Zuma, ruwan ƙasa na busasshiyar ciyawar rani. Bango uku su zama fari mai ɗan ratsin madara, ɗaya ya ɗauki launin jar ƙasa ko a lulluɓe shi da dutse irin wanda ake fasawa a Mpape. A guji tayil mai sheƙi. Yana mayar da haske cikin ido, yana santsi in miya ta zuba. Terazo ko tayil mai kaushi ya fi.

Katako shi ne inda aka fi asara. A kasuwar katako ta Dei-Dei ana samun loko da maɗaci, dukansu suna jure aiki, amma sau da yawa ɗanye ake sayarwa. Teburin da aka haɗa da ɗanyen katako a damina, da zarar hunturu ya shigo iska ta bushe, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. A auna danshinsa da ƙaramar na'urar aunawa, kada ya wuce kashi 12 cikin 100. In babu na'ura, a jera shi a inuwa da sanduna a tsakani ya yi makonni yana shan iska. A shafa maganin gara kafin banish, a kuma shafa banish ɗin sama da ƙasa, don idan fuska ɗaya kawai aka rufe, ɗayar za ta sha danshi ta ja teburin.

Tebur tsayin santimita 75, kujera 45, kowane mai ci a ba shi faɗin santimita 60. Hanyar da masu kai abinci ke bi kada ta gaza mita 1.2. Ɗakin murabba'in mita 100 zai ɗauki mutum 60 zuwa 70 ba tare da matsi ba. A ware lungun iyali da shingen gora ko jerin tukwanen shuka mai tsayin mita 1.5, sannan wurin wanke hannu ya kasance a fili kusa da teburai, tunda mai cin tuwo ba cokali zai nema ba.

Da dare fitila ce za ta gaji rana. A ɗakin cin abinci a sa ƙwan LED mai ɗumin launi, 2700K zuwa 3000K (lambar K da ke jikin kwalin ita ke nuna launin hasken), wanda lambar CRI ɗinsa, wato ma'aunin yadda haske ke fito da ainihin launin abu, ta kai 90. Farin ƙwai mai shuɗi-shuɗi na 6500K, wanda ya cika kasuwa, yana kashe launin tsire da miyar taushe har su yi kamar sun kwana. Kicin shi ke son 4000K mai ƙarfi. Fitilar da ke rataye ta tsaya santimita 75 zuwa 90 sama da tebur. In ta fi haka tana haska ido, in ta gaza tana tare fuskar abokin hira. Ƙwarya da faifai da kwandon kaba suna yin murfin fitila mai kyau, amma da LED kaɗai, don ƙwai mai zafi zai iya cinna musu wuta. Fitilun ɗakin murabba'in mita 100 ba za su wuce wat 400 ba, sai a ɗora su kan inbata, kada ɗaki ya yi duhu kafin janareto ya tashi.

Gilashi da dutse da tayil suna sa murya ta yi amo, har mutane su riƙa ɗaga murya. Tabarma da aka ɗaura a firam, da soso a bayanta, a kafa a silin ko bango, tana rage wannan sosai.

Shuka ita ce ta ƙarshe, bayan an san inda haske yake. Moda tana jure ƙarancin haske da mantuwar ban ruwa, don haka ita ce ta lungu. Ƙananan itatuwan kwakwar ado suna son kusa da tagar arewa. Manyan tukwane biyar ko shida, irin na masu ginin tukwane na Ushafa, sun fi ƙanana talatin kyau da sauƙin kulawa. Kowace tukunya ta zama da huda a gindi. Ƙasar a haɗa kashi biyu ƙasa, ɗaya yashi, ɗaya takin da ya ruɓe sarai, domin ɗanyen taki ƙuda yake kira. Ruwan da ya taru a farantin ƙarƙashi a zubar a ranar, in ba haka ba sauro ya sami gida. Kada a ajiye shuka inda iskar na'urar sanyaya ɗaki ke bugawa, bakin ganyen zai ƙone. Wasu shuke-shuken ado masu faɗin ganye suna ƙona baki idan yaro ya tauna, a ɗaga su inda hannu ba ya kaiwa.

Bangon da ake lulluɓewa da ɗanyen ganye yana da ban sha'awa a hoto, amma da famfo mai lantarki yake rayuwa, kwana kaɗan ba ruwa ya bushe. Wanda ba shi da mai kula da shi kullum ya haƙura. Dabarar da ta fi ita ce a sayi shuka ninki biyu, rabi a ciki, rabi a inuwar bayan gida, ana musanya su duk mako biyu. Da hunturu kuma a goge ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle sau ɗaya a mako, a wanke gilashin tagogi sau biyu.